Farar Fumfuna da Itatuwan Ƙofar Coci

Kowa ya yi kuskure a maganar nan, tun daga Fasto har mai share coci, don haka bari in faɗa tun da wuri kafin wani ya ƙara tare ni a kasuwar Kafanchan: farar fumfunar da ke kama kokwamba da kabewa ba ta kama itacen Kirsimeti. Ba ta kama shi, ko da tabarma ɗaya ka shimfiɗa musu. Duk wanda ya ce muku kokwambata ce ta kashe itacen Dattijo Bulus, ku ce ya zo ya same ni. Ina bayan coci kullum tun ƙarfe shida na safe, kuma fartanya tana hannuna.

Ina rubuta wannan ne musamman saboda ku 'yan matan da kuka gama sakandare kuke zuwa wurina da farce mai fenti kuna cewa, "Anti Rifkatu, koya mana lambu mana, mun ga ba wuya, ruwa ne kawai ake zubawa." Ruwa ne kawai, ko? To ku nemi wuri ku zauna.

Aikina na farko a wurin Baba Yohanna shi ne cika leda. Baba Yohanna tsoho ne mai renon itatuwa a bakin rafi, ta hanyar Madakiya. Na je wurinsa ne bayan jarrabawar shiga jami'a ta ƙi ni sau biyu, kuma na gaji da jin mamata tana kiran sunayen 'ya'yan maƙwabta da suka zama nas. Ya dube ni sama da ƙasa, ya nuna mini tarin ledar fiya wata da aka tsinto a tasha, ya ce in yanke bakin kowace, in huda gindinta wuri huɗu da ƙusa, in cika ta da ƙasa. Ƙasar ma ba kowace iri ba: baro biyu na baƙar ƙasa, ɗaya na yashin rafi, ɗaya na kashin shanun da ya daɗe ya huce, a haɗa a tankaɗe. Na wuni ina cikawa, na jera su layi layi kamar 'yan firamare. Da yamma ya zo ya ɗauki ɗaya, ya danna da babban yatsa, ya ce, "Yarinya na, wannan ai bulo kin buga. Gida za ki gina?" Ashe na dandanne ƙasar da ƙarfi, saiwa ba za ta samu hanya ba. Ya sa na zazzage su duka. Har da waɗanda na rantse na yi daidai.

Wata huɗu ban taɓa ko ganye ɗaya ba. Leda, baro, bokiti, sai kuma leda. Bayan nan ya ba ni butar ban ruwa, irin mai huji-huji a baki, ya ce in shayar da irin tumatir da ya fara tsirowa. Na ɗaga butar sama kamar mai yi wa yaro wanka, ruwa ya kwantar da su gaba ɗaya. Bai yi faɗa ba. Baba Yohanna ba ya faɗa, da ma ya yi ya fi sauƙi. Ya ce kawai, "Allah ya jiƙansu. Sun mutu suna ƙanana." Almakashinsa kuwa, wanda yake ɗaure a ƙugu da robar tayar keke, sai da na shiga shekara ta biyu ya bari na riƙe, shi ma yana tsaye a kaina yana numfashi a wuyana.

Masu saye su ne rabin sana'ar, kuma ba wanda zai koya miki su sai kin gani. Wata madam ta taɓa zuwa tun daga Sabon Tasha, ta fito daga mota da tabarau, ta ce tana son fulawar da ba ta son ruwa, ba ta son rana, akuya ba ta ci, kuma kullum tana fure. Baba ya ce, "Akwai, madam. Na roba. Yana cikin kasuwa, layin masu bokiti." Wani malamin makaranta ya sayi dashen mangwaro, bayan wata uku ya dawo da shi a bayan mashin yana tambayar ina 'ya'yan. Amma waɗanda suka fi yawa su ne ma'aikatan da suka gina sabon gida, matansu sun gaji da shara, sai su zo su ce a ba su itacen da ba ya zubar da ganye.

Wannan shi ne itacen Kirsimeti, mai ganye sirara a cunkushe, kore shar rani da damina. Renonsa sai mai haƙuri, ni kuwa ba ni da shi, koya na yi dole. Reshe ake yanka ɗan tsawon yatsa biyu, a soka a yashi, a rufe da leda a inuwa, a jira. Cikin goma in huɗu suka kama ki gode wa Ubangiji. Shekara uku kafin ya kai ƙugu. In ya girma ana yi masa aski ya zama mai tsini a sama, faɗi a ƙasa, da igiya da sanda ake gwadawa, ba da ido ba. Maƙiyansa sanannu ne: gara, ruwan da ya kwanta a gindinsa har saiwa ta ruɓe, da mutum mai adda da kyakkyawar niyya.

Ranar da na fara ganin farar fumfuna, a kan kabewar Baba ce, wadda ta yaɗu har ta shiga tsakanin ledojin itacen Kirsimeti. Ganyen ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa garin rogo. Na jefar da buta na ruga wurinsa, yana zaune kan baro yana cin dafaffiyar gyaɗa.

"Baba, ciwo ya shigo! Mu kwashe itatuwan kafin ya kama su!"

Ko motsi bai yi ba. Ya ce, "Kin taɓa ganin kare yana kiwo da tumaki yana cin ciyawa?"

Na ce, "Na gani mana. In cikinsa na ciwo."

Ya ce, "Bakinki zai kashe ki. Zauna."

Nan ya yi mini karatun da ya fi duk abin da na koya a ajin kimiyyar noma. Ya ce kowace cuta da tuwonta. Farar fumfunar kabewa ta san kabewa da danginta, su kokwamba, su kankana, su gurji, wani lokaci ta leƙa gidan kuɓewa. Iska na ɗaukarta ta kai ko'ina, har kan itacen Kirsimeti tana sauka, amma ba ta samun abin ci a wurin, sai ta mutu da yunwa. Na ce to mangwaro fa, ai shi ma ba ya tsiraita da rani, kuma na ga furensa yana yin fari. Ya ce wannan tasa ce daban. "Kamar zumuntar mata na coci biyu ne. In kin hango su daga nesa, ɗankwali iri ɗaya. Amma kowace da fastonta." Maganinta kuma ba hayaniya: ki cire tsofaffin ganyen da suka kamu ki binne, ki ba shukar fili iska ta ratsa, in ta yi yawa ki fesa magani mai farar wuta da sassafe kafin rana ta yi zafi. Shi ke nan. Itatuwan Baba suka wuce wannan rani ko tari ba su yi ba.

Da na cika shekara uku ya yaye ni. Ba ni da ko taku ɗaya na ƙasa, sai dattawan cocinmu suka ba ni filin da ke bayan coci, wanda a lokacin juji ne da tofa da tsofaffin bencina. Sharaɗi ɗaya suka sa: in riƙa kula da itatuwan Kirsimeti goma sha biyu da ke jere a ƙofar coci, shida dama shida hagu. Ranar da aka keɓe sabon gini aka dasa su, kowane iyali da nasa, da ɗan allon ƙarfe mai suna a gindi. Kafin zuwana wani ya taɓa yi wa nasa aski da adda ya koma kamar kazar da aka fige rabi, don haka aka sanar daga bagade cewa daga ranar ba mai taɓa itace, ko nasa ne, sai Rifkatu.

Ku da ba 'yan cocinmu ba ba za ku gane yadda mutane suka ɗauki itatuwan nan ba. Ana tashi sujada kowa zai bi ta gefen nasa, ya ɗan tsaya kamar yana gyara takalmi, ya saci kallon na maƙwabci. Wanda ya fi kowa shi ne Dattijo Bulus, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, mai magana da Hausar Littafi Mai Tsarki ko barkono yake saye. Nasa ne ya fi tsawo, kuma kowace Lahadin farkon wata yana zuwa da tef ya auna.

Na share juji, na tone tofa da hannuna, na yi kunyoyi. Shekara biyu lafiya lau: dashen itatuwa a gefe ɗaya, kayan miya a ɗaya gefen, ruwa daga rijiyar coci. Sai mummunar shekarar ta zo.

Sai na yi wa mutanenmu adalci a nan. Shekarar ta biyo bayan wadda citta ta ruɓe. A ƙasarmu ba gidan da ba ya taɓa citta, kuma kowa ya ga yadda ganye ya fara rawaya a gona ɗaya, kafin a ankara ya bi gari gari, aka tona aka tarar da ruwa mai wari. Tun daga nan duk wanda ya ga ɗigo a jikin ganye sai gabansa ya faɗi. Wannan na gane. Abin da ya biyo baya ne ban gane ba har yau.

Damina ta ɗauke, dare ya fara sanyi rana na zafi, irin lokacin da fumfuna ke so. Ni kuma na yi haɗama, na shuka kokwamba a matse, kunya takwas, ganye kan ganye. Laifina ne, na yarda. Ta yi fari. Ina tsugune ina cire ganye ran wata Laraba sai ga Dattijo Bulus ya zagayo zai shiga bayan gida. Ya tsaya cak.

"Ɗiyata Rifkatu, wace annoba ce wannan a harabar Ubangiji?"

"Fumfuna ce, Baba. Ta kokwamba ce. Sati biyu na gama da ita."

"Haka aka ce da citta."

"Baba, wannan daban."

"Kuturta ma daga ɗan tabo take farawa. Ki karanta Littafin Firistoci." Ya ɗaga kai ya dubi rufin coci, ya dubi inda itatuwa suke ta can gaba, ya lashi yatsa ya ɗaga sama yana gwada iska. Ko bayan gidan bai ƙara shiga ba. Kafin taron addu'ar yamma kowa ya ji cewa kuturtar kokwamba tana hanyar zuwa ƙofar coci.

Ran Juma'a da safe na zagaya gaba da bokiti, sai na ga itacen Mama Saratu ya yi fari daga sama har ƙasa. Mama Saratu ita ce shugabar zumuntar mata, tana suyar kifi a bakin titi. Na shafa reshe na murza a yatsa. Toka. Tokar murhu, irin wadda iyayenmu ke barbaɗa wa wake da yakuwa in ƙwari sun dame su. Na ɗebo ruwa na wanke shi tas, na koma aikina. Washegari ya ƙara yin fari, da wasu biyu kusa da shi. Na wanke uku. Litinin shida. Na wanke shida, ina zagi a zuci saboda harabar coci ce. Kafin Lahadi ta zagayo goma sha ɗaya sun yi furfura, har da na gidan Fasto.

Na faɗa da bakina, ba sau ɗaya ba. Na tsaya a ƙofar coci na ce jama'a toka ce, wani ne ke zubawa. Mama Saratu ta riƙe haɓa ta ce, "Toka? Wa zai taɓa itace bayan an hana daga bagade? Yarinya, kar ki ƙara zunubi a kan ciwo." Sauran suka gyaɗa kai, kowa fuskarsa kamar ta mala'ika. Wankin da nake yi ma ya zama hujja a kaina: ga shi ana wankewa yana dawowa, ashe ciwon mai taurin kai ne.

Itace ɗaya ne bai yi fari ba, na Dattijo Bulus. Kwana biyu yana yawo da hannu a baya yana cewa, "Dubu za su faɗi a gefenka." Ranar ta uku itacensa ya fara yin ja daga gefe ɗaya. Kafin sati ya ƙone ƙurmus kamar an gasa shi.

Aka aiko mini da takarda. Kwamitin dattawa zai zauna Lahadi mai zuwa bayan sujada, kuma an riga an gaya mini abin da za a yanke: in tumɓuke komai, a ƙone, in bar filin kafin ƙarshen wata. Kokwamba ba ta dame ni ba, kwana arba'in ce. Amma ina da dashen itatuwa da na rena shekara biyu a wurin, ba ni da inda zan kai su, kuma in aka ji a Kafanchan cewa Rifkatu ta kashe itacen coci da cuta, ko dashen gwanda ba mai ƙara saye a hannuna.

Na hau mashin na tafi wurin Baba Yohanna na ce ya zo ya yi musu bayani, shi tsoho ne za su ji. Ya ce, "Ni? In shiga mitin na cocin da ba nawa ba? Ko a namu ina kujerar baya." Ya tambaye ni a gindin itatuwan me ke taruwa in na wanke. Na ce toka mana. Ya shiga rumfa ya fito da ƙaramar rariya ya miƙa mini. "Toka ba ta ɓoye gidan da ta fito. Ki dawo mini da abuna, kar ki ce ya ɓace."

Sauran kwanakin ban wanke ko ɗaya ba. Kowace safiya sai in shimfiɗa buhu a gindin itace, in girgiza shi, in kwashe abin da ya zubo har da wanda ke ƙasa, in ƙulle a leda in rubuta sunan mai itacen. Sannan na ɗauki ɗan dashen Kirsimeti nawa guda, mafi kyau, wanda tun ranar da Dattijo ya gwada iska na ajiye shi a tsakiyar kunyar kokwamba, na lulluɓe shi da ganyen da ya fi kowane fari, na ɗaure da zare.

Ranar Lahadi aka zauna a ajin Sande sukul, dattawa a kan kujerun yara gwiwoyinsu har ƙirji. Mutanen da ba 'yan kwamiti ba suka cika taga. Na shigo da ɗan itacen a rungume da ganyensa na kokwamba, sai wuri ya yamutse. Wani ya toshe hanci da hankici. Dattijo Bulus ya miƙe ya ce, "A fitar da abin nan bayan zango!"

Fasto mutum ne mai sanyi, ya ce a bar ni in yi magana. Na kwance zaren, na cire ganyen ɗaya bayan ɗaya. Itacen kore shar. Na ce, "Kwana ashirin da biyar yana kwana da ita yana tashi da ita. Ga shi. Wanda ya ga fari a jikinsa ya zo ya nuna mini."

Dattijo ya ce, "Yaro ne. Jininsa da ƙarfi."

Na shimfiɗa farin buhu a tebur, na ɗauko ledar farko, na karanta sunan da ƙarfi: Mama Saratu. Na juye a rariya na tankaɗe. Gari ya wuce, abin da ya rage na ɗaga sama kowa ya gani. Ƙayar kifi, guda uku, da ɗan gawayi.

Na ce, "Baba Fasto, ni karatuna bai yi nisa ba. Wace fumfuna ce ke cin kifi?"

Wani a taga ya fashe da dariya aka ce ya yi shiru. Mama Saratu ta gyara ɗankwali, ta dubi silin, ta dubi ƙasa, sannan ta ce, "To. Nawa kam toka ne, ba zan yi ƙarya a gidan Allah ba. Na ji an ce ciwo yana zuwa, in zauna in naɗe hannu? Itacen marigayi mijina ne fa. Amma na sauran, wannan ciwo ne. Na gani da idona."

"Wane ciwo?" in ji wani dattijo daga baya. "Ai naki na gani ya yi fari, shi ya sa na zuba wa nawa!"

"Ni kuma naku biyu na gani!"

Na ci gaba da tankaɗe. Leda ta biyu, totuwar masara ƙonanniya. Ta uku, ɓawon gyaɗa da marfin kwalba, wanda mai shi ya yi sauri ya ce na lemo ne, ba wanda ya tambaye shi. Kowa aka kira sunansa sai ya amsa nasa toka ne amma na maƙwabcinsa ciwo ne sosai. Mutum goma sha ɗaya, kowanne ya zo a ɓoye da tokarsa a ƙunshe, wani bayan koyon waƙa, wani kafin addu'ar safe, kowanne yana ganin shi kaɗai ne mai wayo a cikin marasa lafiya. Da na zo ledar gidan Fasto na ɗan tsaya, ya ce in ci gaba, shi bai taɓa itace ba. Ɓawon ƙwai ya fito. Fasto ya juya a hankali ya dubi taga. Mama Fasto da ke tsaye a wurin ta tuna ta bar miya a wuta.

Ana cikin dariya Dattijo Bulus ya buga sandarsa a ƙasa. "An gama wasan yara? Nawa fa? Nawa ba toka a jikinsa. Nawa ya mutu. Wa ya kashe shi?"

Na ce, "Baba, in an yarda mu fita waje."

Muka fita gaba ɗaya, kwamiti da 'yan taga. Na nuna musu gindin itacen. Ciyawar da ke zagaye da shi ta ƙone ita ma, da'ira sosai kamar an kifa faranti. Na ce fumfuna ba ta cin kokwamba ta ci itace sannan ta sauko ta yi kayan zaki da ciyawa. Daga da'irar kuma ga wani ɗan layi na ƙonanniyar ciyawa, ɗigo ɗigo, ya nufi gabas. Na bi shi, jama'a suka biyo ni a jere kamar masu kai amarya. Ya zagaya allon sanarwa, ya wuce famfo, ya tsaya cak a ƙarƙashin mangwaro, inda mutum ɗaya ne tak a cocinmu yake ajiye mashin, kuma duk wanda ya kuskura ya ajiye nasa a wurin sai ya ji wa'azi. Mashin ɗin ma yana wurin a tsaye.

Kowa ya juya ya dubi Dattijo Bulus.

Dattijo ya yi gyaran murya. Ya ce shi ba mutumin toka ba ne, shi ya yi aiki da injiniyoyi. Maganin fumfuna na gaske ya saya a shago, ya karanta takardar tun daga sama har ƙasa, ya auna da murfi. Injin feshi ne kawai ba shi da shi, sai ya aro na surukinsa a Kagoma. Yana ɗan yoyo ta ƙasa, amma yana aiki.

Na ce, "Baba, kun wanke shi?"

"Na ɗauraye."

"Da sabulu, sau uku, har da tiyo da bakin?"

"Na ce na ɗauraye."

"Me surukin naku ya fesa da shi kafin ya ba ku?"

Ya dubi mashin ɗinsa. Ya ce, "Ciyawar gonar doya."

Ku 'yan mata, in ba ku riƙe komai a labarin nan ba ku riƙe wannan: injin da ya taɓa shan maganin ciyawa ba ya zuwa kusa da abin da kike so ya rayu. Ki sayi biyu, ki shafa wa ɗaya jan fenti, ko kuwa ki haƙura da feshi.

Aka koma aji. In kuna tsammani wani ya ce Rifkatu yi haƙuri, ba ku san kwamiti ba. Fasto ya yi addu'a mai tsawo, ya ce magabci ne ya shuka zawan, wato muguwar ciyawa, a tsakaninmu. Sakatare ya rubuta cewa an samu rashin fahimta tsakanin lambu da itatuwa, kuma an sasanta. Filin ya zauna a hannuna. Amma don girmama furfura aka ce in ja da kokwambata baya taku goma, kuma in dasa wa Dattijo wani itacen. Na buɗe baki zan yi magana, Mama Saratu ta taka mini ƙafa ta ce a kunnena, "Kin ci, rufe baki. Zo gobe in ba ki kan kifi."

Na ja kokwamba baya taku goma, ta warke a sati biyu kamar yadda na faɗa tun farko. Na sare mataccen itacen, na canja ƙasar ramin gaba ɗaya, na dasa masa wancan ɗan itacen da ya kwana da ganyen kokwamba, ban gaya masa shi ne ba. Yanzu ƙofar cocinmu itatuwa goma sha ɗaya ne dogaye da guda ɗaya iya gwiwa, kamar an zo hoto da autan gida.

Abin da ya rage shi ne Dattijo ba ya iya jira. Shekaranjiya na tarar da takin zamani cike da tafin hannu an tula a gindin ɗan itacen, yana taɓa jikinsa, wanda da ya kwana biyu a haka da ya bi yayansa. Na kwashe. Jiya na tarar an kifa masa kwando wai rana. Na tare Dattijo na ce Baba ku bar itacen nan ya sha iska, ya ce shi ko kusa bai je ba, alhali ga sawun takalminsa mai ƙusa har uku. In wannan ma ya mutu na san inda za a nuna da yatsa, kuma ba kowace Lahadi ce Allah ke ba mutum ƙayar kifi ba.

Don haka na yanke shawara. Ranar Asabar zan tafi Madakiya in saro ƙyarana, irin ƙayar nan mai farin ruwa da kakanninmu ke kewaye gida da ita, manya manya waɗanda suka kai ƙirji. Zan dasa ta zagaye da itatuwan goma sha biyu, ƙofa ɗaya, kwaɗo ɗaya, makulli a wuyana. Na kai maganar gaban kwamiti, suka amince nan take, sakatare ya rubuta cewa shinge ne na hana fumfuna shiga. Ban gyara masa ba. Kokwamba za ta zauna a waje. Dattijo Bulus ma haka.